Asibitin da Ke Barin 'Yan Dubiya

Tun da aka fara sa wa mata awarwaron da ke hango cuta, ba mai jiran sankara ta iso. Na Inna Tabawa ya yi ja ranar Laraba, likita ya ce gara a cire maman tun yanzu.

'Yarta Rakiya na duba asibitoci a waya. "Wannan kwana biyu za a sallame ki, Inna, amma ba sa barin 'yan dubiya."

"Aikin banza. Wa zai kawo mini kunu? Nemo mai inuwar shimfiɗa tabarma."

Rakiya ta yi dariya, tana jan hannun riga kan nata awarwaron da ya soma yin ja.

Inna ta gani sarai. "Ki ce musu ɗaki mai gado biyu muke so."