Jinyar Kanar

Kwana goma sha tara ke nan Kanar bai sa komai a bakinsa ba, kuma bai mutu ba.

Glenda Ackroyd ta sake ɗumama romon kaza, ta durƙusa gaban kujerar marigayi mijinta, ta miƙa cokali. Muzurun ya buɗe ido ɗaya, ya dubi cokalin, ya dube ta, ya juya mata ƙeya. Shekararsa goma sha bakwai, ƙodarsa ta ajiye aiki, amma girman kan yana nan daram.

Kujerar ce damuwarta. Lokacin da Desmond yake kwance a asibiti, bai yi mata wasiyyar gida ko mota ba, bai ma ce ta kula da kanta ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Glenda, kada ki bari a yi wa Kanar allurar mutuwa. Ya cika a gida, a kan kujerata." Ta yi alkawari tana kuka tana jin haushi. Aure shekara arba'in, maganar ƙarshe ta tafi kan mage.

Mu a garin Whitby ba ma wasa da irin wannan jinya. An sayo bargo mai ɗumi da lantarki, an kafa ɗan tsani don kada mai girma ya wahala wajen hawa kujera. Duk Talata da Juma'a Philippa, mai jinyar dabbobi, takan zo ta auna shi, ta ƙara masa ruwa, ta yi rubuce-rubuce. Uwar da ta haifi Glenda ko rabin wannan gata ba ta samu ba.

Ranar Talata Philippa ta daɗe tana kallon ma'auni.

"Kin ce ba ya ci, amma ga shi bai rame ba."

"Taurin kai ne. Irin na ubangidansa."

"Ko ma mene ne, Misis Ackroyd, idan Juma'a ta zo bai ci ba, dole mu yi maganar allura. Barinsa da yunwa zalunci ne."

Glenda ba ta taɓa saɓa wa Desmond alkawari ba sai yana wurin, inda za ta iya gaya masa dalili.

Abu ɗaya Kanar bai daina ba. Kullum da azahar yakan ja jiki ya fita ta 'yar ƙofarsa zuwa lambun baya, sai bayan awa biyu ya dawo. Takardar da Philippa ta bari ta ce a ƙyale marar lafiya ya yi bankwana da wuraren da ya saba, kada a bi shi. Glenda ba ta bi shi ba. Yakan dawo yana ƙarnin kifi, amma a garin nan ko fasto ƙarnin kifi yake yi.

Ranar Laraba ta je sayo masa kifin, ko zai taɓa. A shagon ta tarar da Mista Thackray, tsohon da bayan gidansa ke haɗe da nata. Shekara goma sha ɗaya suna maƙwabtaka, hirarsu ba ta taɓa wuce ruwan sama ba. Ya faɗa sosai, idanunsa sun yi ja, kuma ta sha ganin wata mata mai rigar asibiti tana shiga gidansa.

"Lafiya dai, Mista Thackray?"

"Doris ce ba daɗi. Kifi kaɗai take iya ci."

"Ayya. Mu ma muna da marar lafiya a gida."

"Ayya. Da alama za a yi ruwa."

"Da alama."

Ashe tsohon yana da mata? Ba ta tambaya ba. Wannan shisshigi ne, kuma ita an yi mata tarbiyya.

Ranar Alhamis Kanar ya fita da azahar, bai dawo ba. Glenda ta leƙa ƙarƙashin kowane ganye a lambun, ta kira shi har muryarta ta dushe. Katangar maƙwabci kam ba ta leƙa ba. Da Philippa ta zo Juma'a, ta ce haka suke yi, sukan ɓuya su mutu su kaɗai. Bayan ta tafi, Glenda ta zauna gaban kujerar da babu kowa, ta ba Desmond haƙuri. Ta yi kuka sosai, na baƙin ciki da na kunya, don abu ɗaya ya roƙe ta kuma ta kasa.

Da safiyar Asabar aka zuro wa Glenda ambulan ɗin kati ta ramin wasiƙa na ƙofarta. Haka muke sanar da babban labari a nan: maƙwabcinka na nesa da kai taku goma, amma kati zai rubuto.

"Abokiyar zamana Doris ta cika ranar Alhamis da yamma, a gida, cikin kwanciyar hankali, hannuna yana kanta. Jana'iza ranar Lahadi bayan coci. Akwai shayi."

Glenda ta ji tausayin tsohon, har ta fara tunanin wace baƙar rigar za ta sa. Sai ta buɗe katin don ta ga fuskar matar da ba ta taɓa gani ba.

Kanar ne a hoton, ɗaure da jan ƙyalle a wuya, ya kishingiɗa a kan cinyar Mista Thackray.