Alawar Maɗi a Bakin Mayafi

Cokalin ya sake tashi sama, kunun ya wanke wa Rabi'a gaban riga. Habu ya juya fuska bango, ya damƙe baki, ya soma kukan nan marar hawaye da ke tsinka mata zuciya.

"Inna, alawa."

Kalmar ke nan tun farkon mako. Ba kunu, ba madara, ko ruwa sai da dabara. Likita Khalida ta gama magana da safe: jikinsa ya bushe, in gari ya sake wayewa bai ci komai ba, sai mustashfa, wato asibiti, a zura masa roba ta hanci. Rabi'a ta san yadda wancan karon ya ƙare. Fisge robar ya yi, har sai da aka ɗaure masa hannuwa a gado, yana kallonta yana kiran Inna. Wallahi ba za ta iya sake ganin wannan ba.

Wace alawa ce ba ta kawo ba? Ta kwashe baƙala, wato kantin unguwa, kaf. Ta taka unguwar Anbariyya ta nan Madina shago-shago, ta sayo cakulan, ta sayo ta riɗi, ta sayo dabino mai laushi tunda bakin babu haƙoran tauna. Ya shinshina, ya watsar. Tasa dai, in ji shi, ja ce, mai danƙo, mai ƙamshin hayaƙi.

Maƙwabciyarta Ummu Salma ce ta ce ta gwada unguwar Harra ta Gabas. Akwai wata tsohuwa, Hajiya Ƙaltume, wadda aka tako da ita daga ƙasar Hausa tun tana yarinya. Rabi'a ta canza masa kaya, ta bar shi hannun Ummu Salma, ta roƙe ta kada ta bar ƙofa a buɗe, don yanzu sai ya fice titi.

Tsohuwar na jin bayani ta tafa hannu.

"Alawar maɗi! Ya binti, 'yata, kin tono mini ƙuruciya. Mu da muka sha carbin malam, muka sha ɗan tamatsitsi har harshe ya tsage! Amma maɗi ita ce gaba. Mai alawa na kaɗa kai da farantinsa, mu muna biye kamar 'yan awaki. Wa ke nemanta a Madina?"

"Na gidana ne, Hajiya. A Kano ya sha ta. Ya daina cin abinci."

Ƙaltume ta miƙe. Ta jawo wani ƙullin busasshiyar ɗinya da wata mai Umra ta kawo mata tsaraba, wanda ta hana kowa taɓawa.

Suka jiƙa, suka dafa, suka tace, suka mayar wuta har ruwan ya yi baƙi ya kama ludayi. Tsohuwa ba ta da sauran ƙarfin ja, don haka Rabi'a ce ta rataya maɗin a ƙusar bango, tana ja tana ninkewa, tafukanta na tashi, har launin ya washe ya koma ja. Ko zafin ba ta ji ba.

Da la'asar ta shiga gida da gudunta, ta jera alawar a farantin tangaran mafi kyau, ta durƙusa gabansa.

Ya kalla. Ya shinshina. Idonsa ya ɗan yi haske, sai kuma ya ture farantin.

Innalillahi! Rabi'a ta zube a bakin gado. Ta kai ƙarshen dabararta. Ta kira tsohuwar a waya, cikin kuka ta ce mata ya ƙi sha.

"A me kika ba shi?" in ji Ƙaltume.

"A faranti."

"Kai, 'yar nan! Wa ya taɓa ba ɗa alawa a faranti? Uwa daga unguwa take dawowa da ita, a ƙulle a bakin mayafi. Tun daga zaure take kwaɗa masa kira, shi ne zai taro ta ya kwance da hannunsa. Yalla, maza fita ki shigo. Kuma ki kama sunansa."

Sunan nan bakinta bai taɓa kama shi ba, ko da wasa, ko a bayan idonsa. Amma roba da ɗaurin hannu suna jiran gobe.

Ta yafa mayafi, ta ƙulle alawar a gefensa, ta fita ta ja ƙofa. Ta tsaya a barandar, gumi na bin bayanta, tana jin motocin masu ziyara na wucewa a ƙasa. Ta nemi gafarar Allah. Sannan ta turo ƙofar, ta ɗaga murya yadda ba ta taɓa yi a gidan ba.

"Salamu alaikum! Ina Habu? Ina Habuna?"

Sai ta ji motsin gado.

"Oyoyo Inna!"

Hannu biyu ya miƙo. Bai ko kalli fuskarta ba, bakin mayafin ya cafko, ya yi ta fama da ƙullin. Ta danne zuciyarta, ba ta taya shi ba. Da ƙyar ya kwance. Ya jefa guda a baki, ya lumshe ido, yana tsotsa yana gyaɗa kai. Ya ƙara ta biyu. Ummu Salma na tsaye a bakin ƙofa ta toshe bakinta da hannu.

Can ya buɗe ido, ya leƙa kwanon da ke gefe.

"Inna, da sauran kunu?"

Rabi'a ta sa bakin mayafin ta share maɗin da ya dalalo bisa farin gemun mutumin da ya raɗa mata sunan mahaifiyarsa, ta ce, "Akwai, Baba."