Wasan Ƙarshe a Suwidin

Ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa da yake buga wa wasa a Suwidin ta faɗa ƙaramin rukuni, yana kan benci da ɗaurarriyar gwiwa. Ƙwallo tara ya ci musu a kakar kafin ya ji rauni. Washegari kocin ya kira shi, ya ce ba za a sabunta kwantiraginsa ba.

Ya buga wa mahaifiyarsa waya.

"Inna, sun sallame ni. Za ni dawowa gida Shinaka, in kama noman albasa."



"Wane gida, ɗana? Wata huɗu ke nan da ɓarayin daji sunka ƙone shi. Muna Goronyo, cikin wata makaranta. Ba mu hwaɗa maka ba ne don kada ka kasa wasa."