Wanzami da Karan Ɗori

Zauna ka ji misalin wani wanzami, tunda kai ma na ga tambaya nauyi take yi maka. Mutumin nan gwani ne, duk askin suna da kaciyar garinsu a hannunsa suke. Wata rana yana jan ragonsa, ragon ya fizge, igiya ta lanƙwasa masa kan ɗan yatsan da yake danne aska da shi. Babu jini, babu karaya, zafin ma bai kai a faɗa ba. Amma kan yatsan ya sunkuya ya ƙi tashi. In ya tallafe shi da ɗaya hannun sai ya miƙe sarai, da ya saki sai ya koma ya langaɓe. Abin ya ɗaure masa kai. Matarsa ta ce sanyi ne, maƙwabci ya ce jifa ne, shi kuwa ya rasa na kamawa. Da ya je wurin maɗori, aka ce masa jijiyar da ke miƙar da yatsan ce ta tsinke. Maɗori ya ɗaure yatsan a miƙe da tsagin kara, ya ce kada ya kwance sai bayan wata biyu.

To, wanzamin nan mutum ne mai kiyaye salla. A ganinsa maganar maɗori ba ta shafi alwala ba, ina za a tsaya gaban Ubangiji da yatsan da ruwa bai taɓa ba? Don haka duk alwala sai ya kwance, ya wanke, ya mayar ya ɗaure da kyau. Da zarar ya cire karan, sai yatsan ya faɗi, ɗan abin da jijiyar ta fara haɗawa ya sake rabuwa, shi bai sani ba. Ya so ya tambayi liman, sai girman kai ya hana shi, wai da furfurarsa a ce bai san hukuncin alwala ba. Wata biyu suka cika, yatsa na nan jiya i yau. Ya zargi maɗori, ya sha rubutu, ya yi hayaƙi, har ragon ya sayar. Aska ta fara zame masa, ya yanki kan wani jariri ranar suna, daga nan iyaye suka koma kiran wanzamin ƙauyen gaba. Sai da yatsan ya ƙage a lanƙwashe sannan zancen ya fito a bakin masallaci. Liman ya riƙe baki, ya ce, "Haba, Sarkin Aska! Ai shafa ake yi a kan ɗaurin, alwala ta yi." Wanzami ya tsaya yana juya hannunsa, ya dubi yatsan, ya dubi liman, ya rasa wanda zai ji haushinsa.

Ka ga dalilin da ya sa Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu.