Sashen Riƙo

Sinadarin da suke haɗawa daga bakteriya, don sabulun cire tabon jini, sassa biyu gare shi: mai riƙe furotin ɗin da ke cikin jinin da mai yanka shi. Ita ta gano mai riƙon, saurayinta ya gano mai yankan.

Yau ta shiga ɗakin gwaji ta tarar ya cire nata, ya sa na sabuwar ɗalibarsa.

"Nata yana jure ruwan zafi," ya ce, idonsa a kan kwalba.

"Ka gwada nawa a ruwan zafin?"

Ya ci gaba da juya kwalbar.

"Ashe ba gwaji ne ya zaɓe ta ba, Malam."

Ta zare safar hannunta, zoben alkawarinsu ya fito tare da safar. Ba ta tsaya raba su ba.