Ƙofar da ta ƙi buɗewa a bakin masallaci

Tunda ka ce aikinka ya kammala, saura 'yan abubuwan da ba su taka kara sun karya ba, gyara zama ka ji labarin wani mai wayarin. Mutumin nan shekara talatin yana gyaran wutar mota, kuma ya iya, wannan ba a ƙwace masa. Kafin mai mota ya gama bayani ya riga ya faɗi ciwon. Illarsa ɗaya ce: in ya yanke magana ta zauna ke nan, ko wanda ya ƙera motar ne ya zo ba zai saurare shi ba.

Wata Laraba wani ɗan kasuwa ya kawo masa tsohuwar mota mai ƙofa biyu, ta mahaifinsa ce tun yana aikin jirgin ƙasa. Tsohon ya yi shanyewar ɓarin jiki, shekara biyu rabonsa da masallacin Juma'a. Ƙafar tana ɗan tafiya da sanda. Abin da ba ya so shi ne a ciccibo shi daga mota a gaban tsaransa. Don haka ɗan ya tada motar daga kan duwatsu, aka yi mata inji, aka fesa mata fenti ruwan ƙwai, sannan ya sa aka cire hannuwan ƙofa ciki da waje aka shafe gurbinsu, tunda yatsun tsohon ba sa iya ja. A madadinsu aka sa maɓalli. In ka danna, wuta ta shiga wata na'ura mai maganaɗisu a cikin ƙofar, ita kuma ta fizgo sakata, ƙofa ta buɗe da kanta. Ta direba lafiya lau take. Ta ɓangaren tsohon kuwa sai ta yi ƙas ƙas ta tsaya. Ga shi an riga an yi masa alkawarin jibi zai buɗe ƙofarsa da kansa, ya sauka ba mai riƙe shi.

Mai wayarin ya kasa kunne sau ɗaya, ya ce na'urar ce ta mutu, jabu aka sa. Ya cire marfin ƙofar na ciki, ya ja sakatar da filaya ta buɗe, ya duba fis da batir ya ga ƙalau suke. Can ƙasa akwai wata 'yar baƙar waya, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba, an ɗaure ta da noti a jikin ƙofar. Ita ce at, ta nan wuta ke komawa jikin ƙarfen mota bayan ta yi aikinta. Ya gan ta da idonsa, ya wuce. Mai fentin da ke maƙwabtaka da shi, wanda shi ya fesa motar, ya leƙo ya ce, "Maigida, fenti uku na yi wa cikin ƙofar nan, har ƙarƙashin notin can. Ko za a ɗan kankare?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Kai dai ji da launinka, ka bar wa masu wuta wutarsu." Ya sa sabuwar na'ura mai tsada, ya danna maɓalli sau goma, sau goma sakata na tsalle. Sai dai duk gwajin nan ƙofar a buɗe take. Sakatar da ba ta riƙe komai ba, ko wuta ta raunana za ta ja ta. Sai an rufe, robar ƙofa ta tokare, nan ake sanin mai ƙarfi. Almajirin sana'a na wata uku ya san wannan, balle shi. Amma yana ganin mutum irinsa ya wuce a ce ya gwada abu sau biyu.

Ranar Juma'a ɗan ya riƙe wa uban ƙofar ɓangarensa da aka bari a sake tun gareji, tsoho ya zauna cikin babbar riga yana murna kamar ranar da ya sayi motar. Ɗan ya rufe masa ƙofar gam, ya ja mota sai masallaci. Suka tsaya daidai inuwar da tsofaffin unguwa ke shimfiɗa dardumarsu. Duk suka miƙe suna masa barka. Ya danna maɓalli, ƙas ƙas. Ya sake dannawa. Ƙofa ko motsi, ba hannun ja a ciki, babu a waje. Liman ya hau mumbari, rana ta take, ƙarshe dai mutum uku ne suka janyo shi ta kan giya, ta kujerar direba, hularsa a ƙasa, rigarsa ta naɗe har ƙirji. Bai yi wa kowa faɗa ba. Da aka sallame ya ce wa ɗansa a nemo masa Keke Napep.

Da yamma aka mayar da motar gareji. Kunya ta hana mai wayarin kallon mai motar. Ya kwance notin nan, ya goga sanfefa har farin ƙarfe ya fito, ya ɗaure. Aikin bai kai minti biyu ba. Ya rufe ƙofar gam, ya danna, ta buɗe fau, har yau kuma ba ta sake gardama ba. Ya bi ɗan kasuwar har gida don ya ba tsohon haƙuri da bakinsa. Tsohon ya ce ya yafe duniya da lahira, amma motar a ba jikoki, shi ya gama shigarta. Daga ranar a ɗakinsa yake sallar Azahar kowace Juma'a.

To ka ji. Koma ka duba 'yan abubuwan nan naka tun da sauran rana, don Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.