Aljihun Teburin Mai Aski

Da ungozomar ta taso daga asibiti, sai ta tarar mai aski ya sallami kowa yana jiranta a shagonsa. Tun bara ta ce ba za ta aure shi ba muddin yana ajiye wa abokinsa ƙwayoyin maye a aljihun tebur, 'yan mata suna zuwa saye.

"Malama, buɗe aljihun nan," ya ce.

Ta ƙi motsi. "Ka san abin da nake gani a ɗakin haihuwa. Ƙwayar nan tana lalata ɗa tun yana gudan jini, kafin uwar ta san tana da ciki."

"Na ji tun ranar. Buɗe dai."

Ta ja a hankali. Babu ƙwaya ko ɗaya, sai almakashi da mataji, da zobe naɗe cikin auduga.

"Abokin naka fa?"

"Ya daina gaishe ni."

Ta dube shi ta madubi, shi kuwa ya kasa ɗago kai. Sai ta miƙa masa hannu tana murmushi.

"To, sa mini da kanka. Amma a hankali, da hannun nan nake karɓar jarirai."